Mararaba: Garin da Taswirar Abuja Ta Manta da Shi

Duk wanda ya taɓa kwana a Mararaba ko Masaka ya san cewa a can gari yana wayewa tun kafin kiran assalatu. Ƙarfe biyar na asuba bakin titi ya cika: ma'aikatan gwamnati da takalma a goge, masu gadi da suka makara, 'yan mata masu aikin otal, magina da cebur a kafaɗa, kowa fuskarsa na kallon yamma. Daga nan zuwa shataletalen AYA, inda ake shiga Asokoro, bai kai kilomita 20 ba. Ranar Lahadi minti ashirin sun ishe ka. Ranar Litinin kuwa, idan ka bari rana ta fito, sai ka share awa biyu a mota kana ƙidaya fitilun bayan motocin da ke gabanka.

Mutanen nan su ne ke buɗe ofisoshin Abuja da safe, su share su, su tsare su, su rufe su da yamma. Amma inda suke kwana ba Abuja ba ne. Da zarar ka wuce Nyanya ka tsallake iyaka, ka shiga ƙaramar hukumar Karu ta Jihar Nasarawa. Yadda aka yi birnin da ya fi kowane birni a Najeriya samun tsari ya wayi gari da irin wannan gari a ƙofarsa, labari ne da ya soma a 1975.

A watan Agusta na wannan shekarar, makonni kaɗan da hawansa mulki, Janar Murtala Muhammad ya kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda ya duba ko Legas za ta iya ci gaba da ɗaukar nauyi biyu, na babban birnin tarayya da na babban birnin jiha. Legas ta cushe, ruwa ya kewaye ta, ba ta da wajen miƙe ƙafa. Kwamitin ya ce a tashi, ya kuma nuna tsakiyar ƙasa. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976 Murtala ya sanar wa ƙasa, aka kuma fitar da dokar soja mai lamba 6 wadda ta yanki ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara, ta kafa hukumar FCDA don gina sabon birni. Kwana goma bayan haka aka kashe Murtala, a kan titin Legas, motarsa na tsaye cikin cunkoso.

Shi kansa sunan aro ne. Abuja ta asali garin Haɓen Zazzau ce, waɗanda suka baro Zariya bayan jihadi. Sarki Abu Ja ne ya kafa ta a 1828, aka sa mata sunansa. Da tarayya ta karɓi sunan, sai tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan sarkin lokacin, Sulaimanu Barau. Wato tun kafin a aza tubali ɗaya, gari na farko da ya zama maƙwabcin sabon birni ya riga ya ba da sunansa, shi kuma aka bar shi a waje da iyaka, cikin Jihar Neja. Suleja ce ta sauki ma'aikatan farko na hukumar gina birnin, domin a dajin da aka zaɓa babu ɗakin da za a ajiye tebur.

Na ce daji, amma a nan ne kuskure na farko yake. An yi ta maganar wurin kamar fili ne fetal wanda ba kowa, ko kuma mutanen da ke ciki ba su taka kara sun karya ba, za a kwashe su duka a biya su diyya a ba su wani wuri a jihohin da ke kewaye. Da aka tura masana ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje suka zaga ƙasar, sai aka tarar da ɗaruruwan ƙauyuka na Gbagyi da Gade da Gwandara da Koro da Bassa da wasunsu, jama'a sun haura 100,000. Kuɗin tayar da su ya fi ƙarfin aljihu. A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta sauya shawara: waɗanda ginin birni ya taka gonakinsu da gidajensu kaɗai za a tayar, sauran su zauna inda suke.

Matafiyin da ke bin hanyar Kaduna zuwa Abuja yana wuce wani gari da ake kira Sabon Wuse kafin ya kai Suleja. Wuse ɗin da yake ji a Abuja, mai kasuwa da manyan shaguna, daga can aka taso da mutanen wannan gari. Haka nan a gefen gabas, cikin ƙasar da a lokacin take Jihar Filato, aka yi sabuwar Karu da sabuwar Nyanya. Ashe tun farko gwamnati da hannunta ta dasa garuruwa a bakin iyaka, a kan manyan hanyoyin shiga birni, sannan ta juya baya ta shiga zanen abin da ke cikin iyaka.

Shi kuwa zanen, a gaskiya, ba na wasa ba ne. A 1977 aka ba wata gamayyar kamfanonin Amurka mai suna International Planning Associates aikin, suka miƙa babban tsarin a watan Fabrairu na 1979. A cikinsu akwai kamfanin Wallace, McHarg, Roberts and Todd na Filadalfiya, wanda ɗaya daga cikin masu shi, Ian McHarg, ya yi suna wajen koyar da cewa kafin ka zana titi ka fara duba inda ruwa ke bi, inda dutse yake, inda ƙasa ke zaizayewa. Ana ganin wannan tunani a Abuja har gobe. An kafa birnin a gindin Dutsen Aso, aka ba shi siffar jinjirin wata mai fikafikai biyu, ɗaya ya yi arewa maso yamma, ɗaya kudu maso yamma. An bar kwaruruka da bakin rafuka ba gini, don ruwan sama ya sami hanya, mutane su sami wajen shan iska. Tsakiyar birni, inda ma'aikatu suke, wani shahararren mai zanen gine-gine ɗan Japan, Kenzo Tange, ya ƙarasa fasalta ta.

An raba ginin kashi huɗu. Kashi na farko, wato Garki da Wuse da Maitama da Asokoro da tsakiyar birni, an yi masa lissafin mutum kimanin 230,000. Birnin duka an ce zai kai mutum miliyan 1.6 a shekarar 2000, ya tsaya a miliyan uku da ɗoriya idan ya gama cika. Kowace unguwa da filin makarantarta da asibitinta da kasuwarta. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne filin da aka ware a tsakiyar kowane fiffike, dogon zirin ƙasa da aka hana gini a kai, domin motocin haya manya, daga baya kuma jirgin ƙasa, su riƙa kwasar mutane zuwa aiki. Masu zanen sun san cewa yawancin mazauna birnin ba za su mallaki mota ba. Sun kuma yi nufin masinja da darakta su zauna cikin birni ɗaya.

To ina aka kwana? Takarda ta yi lissafi da kuɗin mai na shekarun 1970, shi kuwa mai ya faɗi a farkon shekarun 1980. Shugaba Shehu Shagari ya matsa ƙwarai, har ya yi bikin 'yancin kai na 1982 a Abuja, amma soja suka kifar da shi a ƙarshen 1983, aiki ya yi sanyi. Abin da aka samu aka gina da ɗan kuɗin da ya rage shi ne abin da gwamnati ta fi buƙata ta gani: ma'aikatu, manyan tituna, otal-otal, gidajen manya. Leburori da ƙananan ma'aikata aka yi musu sansani a Nyanya, jerin ɗakuna da aka sa wa haruffa, da niyyar zama na wucin gadi. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Zama kusa da sansanin leburori kuwa shi ke kawo kasuwa, da tasha, da mai shayi, da mai gidan haya. Nyanya ba ta tashi ba har yau.

Sai kuma gaggawa ta zo. Bayan yunƙurin juyin mulkin watan Afrilu na 1990, wanda aka kai wa Barikin Dodan hari a Legas, Janar Babangida ya ƙara wa shirin ƙaura wuta. Ranar 12 ga Disamba, 1991 ya tare a Abuja. Ma'aikatu suka biyo shi, ma'aikata dubbai suka sauka da iyalansu a birnin da kashinsa na farko ma bai kammala ba. Bayan ma'aikaci kuma akwai tela da makaniki da mai facin taya da malamin makaranta da ɗan uwan da ya zo neman aiki. Babu wanda ya yi wa waɗannan lissafin ɗaki.

A nan ne dokar ƙasa ta shigo, kuma a ganina ita ce ta gina Mararaba fiye da kowane magini. A cikin yankin babban birni, ƙasa duka ta gwamnatin tarayya ce. Ba dagacin da ke da ikon sayar maka da fili, ko ya sayar takardarsa ba ta da ƙarfi a gaban hukuma. Fuloti sai minista ya sa hannu, kuma a bisa tsari sai an shimfiɗa titi da ruwa da magudana a unguwa kafin a raba ta. Wannan abu ne mai kyau a takarda, sai dai yana nufin filin da ake iya ginawa bisa doka kaɗan ne, yana fitowa a hankali, kuma mai uwa a gindin murhu ne ke samu. Farashi ya tashi sama, haya ta bi shi, masu gida kuma suka saba da karɓar kuɗin shekara biyu a dunƙule.

Tsallaka iyaka kuwa wata duniya ce. A can dokar amfani da ƙasa ta 1978 ke aiki yadda take aiki a jihohi: filin birni na hannun gwamna, filin karkara na hannun ƙaramar hukuma, a aikace kuma yana hannun iyalin da suka gāji gonar. Mararaba a idon doka karkara ce, ƙauye a bakin hanyar Keffi, nesa da Jos inda gwamnan Filato yake zaune. Manomi na iya yanka gonarsa ya sayar, mai unguwa ya shaida, a rubuta yarjejeniya a takarda, gobe a kawo yashi da bulo. Ba jiran minista, ba jiran safiyo.

Na taɓa raka wani ɗan'uwana sayen fili a wajen Masaka. Dillali ya zo da igiya, mai gona ya zo da ƙanensa, aka auna ƙafa hamsin a ɗari, aka kafa turaku huɗu. Da ɗan'uwan nawa ya tambayi inda hanya za ta bi, sai mai gonar ya nuna wata 'yar siririyar turba da ake bi zuwa rafi, ya ce ai ga ta nan. Bayan shekara uku na koma. Turbar tana nan, gidaje sun matse ta dama da hagu, mota ɗaya ba ta wucewa sai an naɗe madubi. Rafin kuma an gina a bakinsa, ya zama juji. Ban ga laifin mai gonar ba. Duk taƙin da ya bari don titi asararsa ce shi kaɗai, ribar kuma ta jama'a ce da bai san su ba. Hukuma ce kawai ke iya tilasta wa kowa ya bar nasa taƙin tun ƙasa tana gona, ita kuwa ba ta zo ba.

Haka garin ya tashi, gona bayan gona. Mararaba ta haɗe da sabuwar Karu, ta haɗe da Ado da sabuwar Nyanya da Masaka, duka a jikin titi ɗaya kamar tsakiya a zare. Da yake ba a bar wata hanya da za ta bi ta bayan gari ba, duk wanda ya fito daga lungu dole ya faɗo kan babban titi, inda kuma manyan motocin da suka taso daga Jos da Makurɗi da Lafiya suke bi. Kasuwa a nan, tasha a nan, masu talla a nan. Ruwan famfo bai bi mutane ba, sai rijiyar burtsatse da 'yan ga-ruwa masu tura kura. Filin makarantar gwamnati ba a ware ba, sai makarantun kuɗi a cikin gidajen haya. Idan damina ta sauka, ruwa yana neman tsohuwar hanyarsa, ya tarar da ɗakin wani a kai.

A ranar 1 ga Oktoba, 1996 aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga Filato, hedikwata a Lafiya. Sabuwar jiha ta gāji gari mai girma da sauri a iyakarta ta yamma, ba ta da kuɗin bin sa da tituna. Ga kuma wani ƙulli: yawancin mutanen da ke kwana a Karu ƙarfinsu da cinikinsu na rana a Abuja suke barinsa, sharar su da marasa lafiyarsu da 'ya'yansu masu neman aji kuwa suna Nasarawa. Abuja na cewa wajen iyakarta ne, Lafiya na cewa jama'ar Abuja ne. Akwai dokar tsara birane ta 1992, mai lamba 88, da ta ce kowane mataki na gwamnati ya kafa hukumar tsara gari. Ba ta samar da teburi ɗaya da ɓangarorin nan biyu za su zauna su zana gari ɗaya ba.

Daga 2003 zuwa 2007, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake minista, aka ɗauko babban tsarin 1979 aka kaɗe masa ƙura. An kafa AGIS don mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta, aka soke takardun da aka samu ta bayan fage, katafila ta shiga gine-ginen da aka yi a kan bututun ruwa da filayen shan iska, har da na manyan mutane. Ta kuma shiga unguwannin talakawa irin su Idu da Karmo da Chika, inda dubban iyalai suka wayi gari a fili. A 2006 aka hana acaɓa a cikin birni. A wannan zamanin ne kuma gwamnati ta sayar da gidajenta na ma'aikata. Har yau mutane na gardama a kan wannan aiki, kuma kowane ɓangare na da abin faɗa. Tsakiyar Abuja ta yi kyau, wannan ba musu. Amma wanda aka rushe wa ɗaki a Karmo bai koma ƙauyensu ba, domin aikinsa na nan. Ya ɗaura katifarsa a kan mota ya nufi Mararaba, ko Madalla, ko Suleja. An kare taswira a cikin iyaka, aka tura nauyin wajenta.

Ranar 14 ga Afrilu, 2014, da sassafe, bam ya tashi a tashar motar Nyanya ya kashe mutum fiye da 70. Wanda ya dasa shi ya san abin da kowa ya sani: babu wani wuri a yankin da ke tara talakawa masu yawa a lokaci ɗaya kamar wannan maƙogwaro da dukan gabashin birni ke bi ta cikinsa kowace safiya.

Jirgin ƙasan da masu zanen 1979 suka yi mafarki ya zo a watan Yuli na 2018, kusan shekara arba'in bayan tsarin. Ya taso daga tsakiyar birni ya bi ta Idu zuwa filin jirgin sama, reshe ɗaya kuma ya nufi wajen Kubwa. Ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, aka sake buɗe shi a 2024. Layin da zai nufi Nyanya da Karu, inda fasinjan yake, yana kan takarda. Ko an tashi yin sa, daga iyaka zuwa gaba babu zirin filin da aka tanada. Sai an rushe gidaje an biya diyya, a kan ƙasar da a 1980 buhunan dawa kaɗan take bayarwa.

Ba a zauna haka nan ba a ɓangaren Nasarawa. A zamanin Gwamna Tanko Al-Makura, wanda ya hau a 2011, an kafa NAGIS, takwarar AGIS, aka ɗauki hoton ƙasa daga sama, aka soma ba masu gidaje takardar mallaka. Yana da amfani, ko ba komai mai gida ya san ba za a sayar da filinsa sau biyu ba. Sai dai rajistar gidan da aka riga aka gina ba ta faɗaɗa lungun da ke ƙofarsa. An kuma faɗaɗa babban titin Keffi, an yi gadojin masu tafiya a ƙasa. Titi mai faɗi yana rage wahala na ɗan lokaci, sannan ya sa zama a nesa ya yi sauƙi, sai garin ya ƙara miƙewa.

Yanzu miƙewar ta wuce Masaka. Idan ka bi hanyar zuwa Keffi, ta Kuchikau da Auta Balefi da Uke, za ka ga gonakin rogo da masara, a tsakiyarsu kuma turakun siminti da allunan masu sayar da fuloti, ana biya kaɗan-kaɗan, ana tallatawa a Facebook. Wasu kamfanonin suna shata tituna a cikin katangarsu, amma titin wannan rukuni ba ya haɗuwa da na wancan, kowa ƙofarsa na kallon babban titi. Tsakanin rukunan kuma ana nan ana aunawa da igiya. A waɗannan wurare har yanzu ana iya tsayawa a ga inda rafi yake bi, a ga tudun da makaranta za ta dace da shi, a ja layin titi na biyu da na uku daga iyakar Abuja har Keffi ba tare da an taɓa rufin kowa ba. Kuɗin da za a biya manomi a yau kuɗin gona ne. Daminar da ta wuce na bi ta wajen, na ga ana sauke bulo a wata fadama, ruwa na kwance a gefen harsashin.